Ƙofar Bayan Mai Kitso

SHAFI NA 17

Masu yi min ƙorafi cewa na bar Malama a tsaye bakin titi tun shekaranjiya, na ji, na kuma haɗiye. Ke kuma da kika ce za ki biyo ni har gida ki ƙwace wayar, yi haƙuri, wayar ma a wurin mai gyara ta kwana. Sababbin zuwa ku matso kusa ku ji inda aka tsaya. Malama ma'aikaciyar bincike ce a fannin lafiya. Ita da abokan aikinta, ƙarƙashin wani Dakta, suna bin masu tarin fuka gida-gida don gano abin da ke sa marasa ƙarfi su fara shan magani su watsar a hanya. Cikin duk waɗanda take bi, jininta ya fi haɗuwa da na Mai Kitso. Saura ƙiris matar nan ta gama maganinta, sai aka neme ta a asibiti aka rasa. To ga mu a ƙofar shagonta.

* * *

Ranar Asabar ce, ba aiki, saboda haka ba motar ofis, ba falmaran mai tambari. Motar haya Malama ta shiga, ta sauka a bakin titi, ta ƙarasa da ƙafa tana tsallake kwata, hannu ɗaya riƙe da gefen zani.

Maganar Dakta ta jiya ce ta hana ta zama a gida. Da ta faɗa masa lambar Mai Kitso, ta ce ta daina zuwa, ko ɗagowa bai yi daga kwamfuta ba, ya ce a sa ta cikin waɗanda suka watsar, ai dama irinsu ake nema. Gaskiya ya faɗa, haka aikin yake. Amma ita Malama ta san dariyar matar, ta san yadda take lanƙwasa wuya in tana tsaga, ta kasa kallon ta a matsayin sakamako.

Tun kafin ta isa ta ga wurin ya canza. Bencin da mata ke jeruwa a kai suna jiran layi an jingine shi da bango, ƙafafu a sama. Hotunan kitson da ke manne a ƙofa rana ta cinye su, ɗaya ya ɓalle yana reto. Telan da ke maƙwabtaka ya hango ta, ya yi sauri ya duƙufa a kan kekensa kamar bai gan ta ba. Shagon da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji sallamarka, yau ƙarar fanka kaɗai ke fitowa daga ciki.

Ta yi sallama. Hannunta kuwa ya riga ya shige jaka ya zaro takunkumin fuska. Sabo ne, ko tunani ba ta yi ba.

"Mayar da shi."

Yayar Mai Kitso ce a bakin labule, kumfa har gwiwar hannu. Doguwar mace ce mara son wasa, wanki da guga take yi, ita ta riƙe ƙanwar tata tun rasuwar iyayensu. Har yau Auta take ce mata, duk da Autar ta daɗe da zama babbar mace.

"Ina wuni, Yaya?"

"Lafiya lau. Na ce ki mayar da shi. In kuma sai da shi za ki shigo, hanyar da ta kawo ki tana nan, ba a toshe ta ba."

"Yaya, dokar aikinmu ce..."

"Dokar aikinku ta ishe mu haka nan. Ta ci mana abinci, ta ci mana mutunci. Yau kuma me ta zo ɗauka?"

Malama ta yi tsaye da takunkumin a hannu. Ta san mai tarin da ya ajiye magani yana iya komawa mai yaɗa shi. Ta kuma san in ta juya yanzu, ba za a ƙara ɗaga mata labulen nan ba. Ta naɗe shi ta cusa a jaka.

"To a buɗe min taga, a ɗage labulen."

"Wannan ba ya gagara," in ji Yaya, ta matsa mata.

Mai Kitso na zaune a 'yar kujerarta ta aiki, gaban madubin nan mai tsaga a kusurwa. Mataji, kibiya, kwalbar mai, ƙunshin gashin doki, komai a jere cikin faranti kamar yanzun nan wata za ta shigo ta zauna. Kumatun da suka fara cikowa a watannin baya sun sake zubewa.

"Anti Tambaya," ta ce da ɗan murmushi. Sunan da ta raɗa wa Malama ke nan tun zuwan farko. "Yau da ƙafa? Ko motar ce ta gaji da mu?"

"Ni dai ban gaji ba. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ba ta rufe baki ba tari ya ƙaryata ta. Ta juya baya ta toshe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunta na girgiza, har sai da Yaya ta miƙo mata ruwa.

Malama ta zauna daga bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. Ta jira tarin ya lafa.

"An ce min kin daina zuwa karɓa. Me ya faru? Kuɗin mota ne?"

"A'a."

"Ko layin ne ya yi miki tsawo? Ko wata cikin nas-nas ta gaya miki magana mara daɗi?"

"A'a, Anti."

"Maganin ne ke wahalar da ke? Amai, jiri?"

Yaya ta yi wata dariya ta takaici, ta yarfe kumfar hannunta.

"Ji ta fa. Har yanzu dai tambayoyin nan ne. Kuɗin mota, nisa, layi. Kun tambayi komai a duniya ban da abu ɗaya."

"Wanne, Yaya?"

"Ku."

"Mu?"

"Ku ɗin dai. Kin tuna ranar da kika fara zuwa shagon nan?"

"Na tuna."

"Ba ki tuna ba. Bari ni in tuna miki, don a nan nake tsaye. Shago cike, wata na zaune an yi mata rabin kai. Sai ga farar motarku ta tsaya daidai ƙofa, da ƙaton huhu zane a jikinta kamar tallar mahauci. Kika fito. Kika gaisa da tela, fuska a buɗe. Kika sayi ruwa wurin mai kanti, har da yi wa jaririnsa wasa, fuska a buɗe. Da kika iso ƙofar nan sai kika ja kika tsaya, kika zaro abin nan kika ɗaura, kika matse shi a hanci da yatsu, sannan kika yi sallama. A gaban kowa."

Yaya ta ci gaba.

"Mai rabin kan nan, da rabin kanta ta fita. Ɗankwali ta ɗora ta ce ta bar girki a wuta. Har yau girkin bai nuna ba."

"Yaya, ya isa," Mai Kitso ta ce a hankali.

"Bai isa ba, Auta, ƙyale ni. Kin san abin da yaran layin nan ke kiran motarku? Motar tari. Duk ƙofar da ta tsaya, kafin ku yi kwana an gama raba labari. Mai gida ya ce kada mu ƙara taɓa famfon tsakar gida sai kowa ya gama ɗiba. Gidajen da nake karɓo wanki, ɗaya bayan ɗaya suka ce sun samu na kusa. Kitso kuwa, wa zai kawo kansa ƙarƙashin hancin mai tari?"

"Amma mun rufa mata asiri," Malama ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Wallahi, Yaya, sunanta ko Dakta bai sani ba. Lamba muke sa wa kowa. Muryar da nake ɗauka a kulle take, ni kaɗai ke buɗewa."

"Kun kulle sunan a ofis, kun zo kun ajiye mota a ƙofar gida."

Ni dai a nan tausayin Malama ya kama ni, don ba muguwa ba ce, kuma a ofishin nan babu mugu ko ɗaya. Zama nawa suka yi a kan yadda za a ɓoye sunayen mutane a kwamfuta, har da gardama da ɓacin rai. Motar kuwa ba wanda ya taɓa kawo zancenta. Masu ɗaukar nauyin aikin suna son a ga tambarinsu. Jami'a ta ce ma'aikaci ba ya shiga unguwa sai a motar aiki, don tsaron lafiyarsa. Takunkumi kuma dole ne a gidan mai tari. Kowace doka in ka ɗauke ta ita kaɗai, mai hankali ne ya kafa ta, sai da aka haɗa su duka aka ajiye a ƙofar shagon kitso sannan suka yi ɓarna. Watanni Malama na zuwa tana kunna rikoda tana tambayar matar nan me ke hana mutane zuwa asibiti, ita kuma tana amsa mata da fara'a don kunyar baƙo.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?" Malama ta tambaya, idonta a kan Mai Kitso.

"Da wane baki zan ce miki zuwanki ne matsalar? Ke kaɗai ce ke zama ki ji ta bakina."

Malama ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba a aikin nan.

"Mun yi kuskure, ku yafe mana. Maganar mota kuma zan kai ta inda ya kamata. Amma ki saurare ni, don ba ita ta kawo ni ba. Ko me muka yi miki, maganin nan ba a ajiye shi a tsakiya. In kika bar shi tarin zai dawo, kuma wanda zai dawo ba lallai ya zama irin na da ba. Akwai wanda ba ya jin wannan maganin kwata-kwata. Nasa ya fi tsawo, ya fi wahala, kuma ba kowa ke kai labari ba. In gudun idon mutane ne, ni zan riƙa karɓo miki in kawo da ƙafata."

Mai Kitso ta ɗauki kibiya tana juyawa a hannu.

"Faɗa mata, Auta."

"Yaya..."

"Ko ki faɗa ko ni in faɗa. Na gaji da kwana ina sauraren ƙirjinki."

Mai Kitso ta ɗago.

"Anti, maganar nan da kike min kullum kafin ki kunna rikoda, cewa duk abin da na faɗa amana ne, ba mai jin sa da sunana ko da sunan wani. Tana nan? Ko ta ranakun aiki ce kawai?"

"Tana nan."

"Ko Dakta?"

"Ko Dakta."

Da sauri ta amsa. Ni da nake ba ku labari na so a ce ta ɗan dakata ta ji zancen tukuna, amma a lokacin ko me aka nema a wurinta bayarwa za ta yi.

"Ni ban ajiye magani don fushi ba," in ji Mai Kitso. "Ƙarewa ya yi."

"Ya za a yi ya ƙare? Daidai kwanakinki ake ba ki."

Mai Kitso ta nuna bayanta da kibiyar. Malama ta bi da kallo. Bayan labulen da ya raba shagon da ɗakin kwanansu akwai wata 'yar ƙofar langa-langa, mai fita lungun da ake zubar da ruwan wanki. Duk zuwan da take yi ba ta taɓa lura da ita ba.

"Waɗanda suka guje ni ta gaba, ta nan suka dawo."

"Ban gane ba."

"Wata ce ta fara, ba zan faɗi ko wace ce ba. Ta ga na yi ƙiba, na daina tari, ta san jar ƙwayar nan da ake ba ni a asibiti ce. Mijinta ya daɗe yana yi, ga zazzaɓi, ga rama. Na ce ta kai shi asibiti, kyauta ne. Ta ce ta san kyauta ne. Ta ce amma shi abin sha yake sayarwa a bakin titi, in motar nan ta tsaya gaban teburinsa sau ɗaya, wa zai ƙara karɓar kofi daga hannunsa? Ta durƙusa min a ƙasan nan, Anti, mace da ta girme ni. Sai na ɓallo mata kaɗan."

Malama ta ɗago da sauri.

"Maganinki kika ba ta?"

"Kwana kaɗan mijin ya ji sauƙi. Shi ke nan zance ya zaga. Wata ta zo don uwarta. Wata don kanta. Sai na koma in sha yau, gobe in bari, don ya kai. Da na je karɓa na ƙarshe, nas ta ɗora ni a sikeli, ta kalle ni ta ce ya aka yi nake ramewa, ko ba na sha ne. Na ce ina sha. Ta ce in na dawo za su sake gwada kakina. Na san gwajin ba zai rufa min asiri ba, shi ya sa ban koma ba."

"Innalillahi." Malama ta dafe kai. "Su kuma in suka ji sauƙi fa?"

"Sai su bari. In ya motsa su dawo."

"Kin san abin da kika yi kuwa?" Muryar Malama ta tashi ba tare da ta sani ba. "'Yan ƙwayoyin da kike ɓallo musu ba sa kashe ciwon nan. Lallashin sa suke yi ya kwanta, ya tashi ya fi da ƙarfi, ya kuma gane maganin. Ba ke kaɗai ba, duk wanda kika ba kin ɗora shi a hanyar irin tarin da nake gaya miki. Ga 'ya'yansu da suke kwana ɗaki ɗaya. Ba taimako kika yi ba!"

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Mai Kitso ba ta yi gardama ba, kai kawai ta sunkuyar.

"Na gaya mata," in ji Yaya. "Ban san wannan bayanin naki ba, amma na san maganin mutum nasa ne. Har cikin kayan wankin mutane na ɓoye shi, ta tono. Ita kaɗai gare ni a duniya, Malama, ga shi tana rabar da ranta a ƙullin leda."

"Yaya, ke kina fita, kina ganin mutane," Mai Kitso ta ce ba ta ɗago ba. "Ni tun da motar nan ta fara zuwa, wuni nake a kujerar nan, daga ni sai fanka. Matar da na yi wa kitso shekara da shekaru ta hango ni ta tsallaka titi. Sai ga shi ana ƙwanƙwasa min ƙofa. Ana zama kusa da ni, ana ce min 'yar'uwa, ana riƙe hannuna. Anti, kin san daɗin a buƙace ka bayan kowa ya guje ka? Na san ina cutar kaina. Cewa babu ne na kasa."

Fanka na ta juyawa, a waje keken tela ya ci gaba da ƙara.

Malama ta zuba wa 'yar ƙofar ido. Tun fara aikin nan suke neman mutanen da ba sa zuwa asibiti sam, waɗanda ba a san su ba balle a tambaye su. Dakta har ya fara cewa nisa ne da rashin sani. Ga su nan ashe, suna shige da fice a bayan kujerar da take zama tana tambayoyi. Sun san magani kyauta ne, sun san inda ake bayarwa, har launin ƙwayar sun sani. Abin ya yi mata ciwo, ya kuma ba ta tsoro.

"Dole a gwada su duka," ta ce, a hankali yanzu. "Su waye?"

"Ba zan faɗa ba."

"Rayuwarsu ce fa."

"Abincinsu ne kuma. Ni na ɗanɗana, ba zan ɗanɗana wa wani ba."

"To ke fa? Haka za mu zuba miki ido?"

Mai Kitso ta daɗe tana kallon Yaya, wadda ta juya fuska bango tana goge hannun da ya riga ya bushe.

"Zan koma," ta ce. "Litinin zan bi ki. A gwada, a yi min faɗan da za a yi, in sha duk abin da aka ba ni, ba zan ƙara ɓallo wa kowa ba. Amma da sharaɗi. Duk wanda ya shigo ta ƙofar can, ba ki gan shi ba, ba ki ji labarinsa ba. Ranar da na ji motarku ta tsaya a ƙofar ɗayansu, ko na ji wani a ofishinku ya san zancen nan, ni da asibiti har abada. Ku bar ni in mutu a kujerata."

"Auta!"

"Na rantse, Yaya. Kin san ni."

Yaya ta san ta kuwa, shi ya sa ta juyo ta kafe Malama da ido irin na roƙo. Matar da ɗazu ke nuna mata hanya.

Malama ta auna zancen a ranta. Sharaɗin na da nauyi, amma a fara ceto wadda ke gabanta tukuna. Sauran kuma tana iya riƙa zuwa da ƙafa ranakun Asabar, da kwalaben gwaji a jaka, a lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya. Dakta za ta ce masa a daina shiga unguwa da motar, ba sai ta faɗi a bakin wa ta ji ba. Zai ɗauki lokaci, amma zai yiwu.

"Na yarda," ta ce. "Amma ke za ki taya ni lallashin su, su yarda a gwada su. Ba mota, ba tambari."

"Wannan zan iya."

Yaya ta sauke ajiyar zuciya, ta share ido da bayan hannu, ta ce bari ta kawo ruwa, baƙuwa tun ɗazu ana ta zuba mata magana ko kofi ba a miƙa mata ba. Mai Kitso kuwa har ta samu bakin tsokana. Ta ƙura wa gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwalin Malama ido.

"Anti, wa ya yi miki wannan aika-aikar a ka?"

"Ni na kama da kaina."

"Ai ya nuna."

Suka yi dariya su duka, har Yaya. Ba su gama ba aka ƙwanƙwasa ƙofar baya, a hankali, irin bugun wanda ba ya so maƙwabta su ji.

Dariyar ta ɗauke.

"Ɗaya daga cikinsu ce," Mai Kitso ta ce da raɗa. "In ta gane ki, ta gudu ke nan, sauran ma sun gudu. Zame ɗankwalin, zo ki zauna nan. Kitso kika zo. Sunkuyar da kai kawai."

Malama ta yi jim. Dokar aikinta ta hana ta sauraren mutum bai san ko ita wace ce ba. Hankalinta kuma ya hana ta zama ƙarƙashin numfashin wadda ta ajiye magani.

Aka ƙara bugawa.

Ta zame ɗankwalin, ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyin Mai Kitso, ta sunkuyar da kai. Ta ji sanyin kibiya a fatar kanta, ta ji ɗumin numfashi a ƙeyarta.

Yaya ta zare sakata. Wata mata ta shigo da sauri cikin babban mayafi, ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta mayar da ƙofar da kanta.

"'Yar'uwa, ki yi haƙuri na sake dawowa. Baban yara ne. Jiya har da jini ya tofar. Ya ce in roƙe ki ko 'yan kaɗan ne, su ɗan riƙe shi. Litinin tun da safe zai fita da ma'aikata, wuni za su yi a hanya, ba ya so tarin ya kama shi a mota su ji. Kin san aikin nasa ba na dindindin ba ne. In suka gane, wani za su ɗauka."

Malama ta san muryar nan. Ba ta ɗago ba, ido kawai ta ɗaga zuwa madubi.

Matar Baba Direba ce. Ita ce ke kawo masa abinci bakin ƙofar ofis, su gaisa da Malama har da tambayar yara. Baba Direba mai tuƙa farar motar, wanda ya san ƙofar duk mai jar ƙwaya a unguwar nan, don shi ke tsayawa a gabanta. Shi ne ke ɗage gilasai ya kunna musu esi mai sanyaya mota su wuni a rufe, kullum da alawa a baki yana cewa mura ce ta ƙi sakin sa. A kujerar da ke gefensa kuma abokiyar aikin Malama ke zama, mai tsohon ciki, don kujerar baya na jijjiga ta.

Mai Kitso ta ji wuyan da ke hannunta ya sandare. Ta sunkuyo kamar mai duba tsaga, bakinta daidai kunnen Malama.

"Kin san ta?"

Malama ta gyaɗa kai kaɗan.

Yatsun suka ƙara damƙe gashin.

"To Litinin ɗina tana bakinki, Anti. In kin tona, na fasa asibitin."

"Laa, ashe an fara dawowa kitso!" matar ta ce da murna, tana zagayowa ta gaba. "Sannu baiwar Allah, ɗago mu gaisa mana."